Yadda Muka Kai Ƙi-Gudu Ikko, Ni da Lawali

Tun da muka dawo daga Ikko ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a fada, majalisar hirarmu, ba. Da na zauna sai wani ya jawo benci ya ce in ba shi labari, wanda bai zo jiya ba ya ce a koma daga farko, har masu zuwa karɓar allon shagonsu sai sun tambaye ni ko da gaske mun ga teku. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kullum ina tsallake abin da ya fi tsaya mani a rai. To ga shi gaba ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in yi aikina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sanusi. Ina zanen alluna kusa da kasuwar Dole a nan Damagaram, na masu aski, na masu gyaran waya, na masu sayar da ƙanƙara. Da wannan nake ci. Abin da raina yake so kuwa shi ne bede, wato labarin da ake bayarwa da zane gida-gida, irin wanda muke karɓa aro muna yara a lekwal, wato makarantar boko. Na ƙirƙiri jarumina, na sa masa suna Ƙi-Gudu. Ƙato ne mai sulken fata, yana dirowa daga kan duwatsun Birni ya faɗa cikin ɓarayi. Ba ya yawan magana, ba ya dariya, ba shi da mata, ba shi da uwa. Ko abinci ban taɓa zana shi yana ci ba.

Jikin nasa ba daga kaina na fitar ba. Na Lawali ne, wani ɗan unguwar Kara-Kara da ya ba talatin baya, ɗan pale, irin matattarar samarin nan masu ɗaga ƙarfen da suka haɗa da siminti da tsofaffin kayan mota. A da ya yi suna a faɗa, akwai tabon wuƙa a kafaɗarsa. Yanzu dako yake yi a kasuwa. Shi yake tsaya mani in zana, har na sa dukawa suka ɗinka masa sulken da abin rufe fuska, na ɗauke shi hoto na sa a waya. Hotunan nan ne suka yi yawo har suka kai hannun wasu matasa masu zane a Ikko, suka gayyace mu taronsu mu biyu, suka ce mota da masauki duk a wuyansu.

Lawali ya yi ta jan ƙafa. Yau ya ce zai je, gobe ya ce akwai uzuri. Na ɗauka tsoron baƙunta yake ji, har na yi masa gori. Daga ƙarshe ya yarda, da sharaɗin ba za mu daɗe ba.

Mun tashi daga tasha da safe a motar Matameye. Tun kafin a tashi aka fara rigima, don kafaɗun Lawali sun cinye wurin mutum biyu, direba kuma ya rantse sai ya cika layin. Wata Hajiya 'yar Mirya, mai kai turaren wuta Kano, ita ta raba gardamar. Ta ce a matso mata da shi kusa da ita, ita ba ta da jiki, a haɗa su a raba biyu kowa ya samu daidai. Aka yi dariya aka tashi. Har muka kai iyaka tana yi masa tambayoyi, ɗan wane ne, me ya sa bai yi aure ba, shi kuwa yana amsawa da ƙyar kamar yaro a gaban malamin lekwal.

A iyaka ba mu sha wahala ba, aka duba takardunmu da katin rigakafi aka buga hatimi. Can gaba ne, a wani shinge cikin daji, aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani mai kaki ya zuge jakarmu ya ga sulke da abin rufe fuska da takobin itace da na shafa wa fenti ruwan azurfa. Ya kira 'yan uwansa. Na yi bayani, na nuna takardar gayyata, na nuna littafin, ba wanda ya dube su. Suka ce in dai gaskiya ne kayan wasa ne, to Lawali ya sa su gani.

Ya sa. Suka fito da wayoyi suna ɗauka, wannan ya ce ya ɗaga damtse, wancan ya ce ya yi kuka irin na zaki. Sannan wani ƙanƙani a cikinsu, wanda Lawali zai iya ɗaukarsa da hannu ɗaya, ya ce ya kama kunne ya yi tsallen kwaɗo a cikin kayan. Na ga jijiyar wuyan Lawali ta tashi. Na san abin da ya taɓa yi wa mutane a kan abin da bai kai wannan ba, na kuma san in ya ɗaga hannu a nan, ba Ikko ba, ko Damagaram ba mai sake ganinmu nan kusa. Ni kuwa ina tsaye riƙe da takardu.

Hajiyar nan ce ta gyara mayafinta ta tako har tsakiyarsu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yallaɓai, ɗana ne. Wasan yara zai je yi, abincinsa yake nema. Kun yi kallo kyauta, to ya isa haka, ku ba ni ɗana rana tana yi." Babbansu ya yi dariya ya ce a bar shi ya tafi, tunda da uwarsa yake yawo.

Muka koma mota. Hajiya ta miƙa wa Lawali dabino, ta ce ita tun ba a haife shi ba take bin hanyar nan, an sha zazzage mata kaya a rana, kuma ga ta nan da ranta. Ta ƙara da cewa kayan dai sun yi masa kyau. Ni ina can gefe ina tunanin yadda zan zana wurin nan da a littafina ne. Da Ƙi-Gudu ya karya shingen gida biyu, da Hajiya tana bayan mota tana salati. Amma ba haka aka yi ba, kuma da idona na gani.

Kano ba baƙon wuri ba ne gare mu, sai dai da ka ce lekwal maimakon makaranta, ko ka ce duwan maimakon kwastan, an gane daga inda ka fito, a fara kiranka ɗan Faransa. Muka yi sallama da Hajiya a tasha, muka nemi babbar motar Ikko. Abin da Lawali ya fara yi shi ne neman layin waya na can, tun kafin mu ci abinci. Daga nan duk inda mota ta tsaya sai ya koma gefe ya yi ta magana ƙasa-ƙasa da wata wai ita Zuwaira. Na ce ashe ƙaton ya faɗa, yaushe ne biki? Ya yi murmushi kawai.

Tafiyar tana da tsawo, a hanya muka kwana. A cikin motar an yi mana wa'azi, an tallata mana maganin basir, an kuma sa mana fim da ƙarar da ta hana kowa runtsawa. Da gari ya waye sai muka ga ƙasa ta canza, itatuwa sun rufe ko'ina, ruwa kwance a gefen hanya ba mai ko kallonsa. Mu da muke bin 'yan garuwa da roƙo in zafi ya yi, abin sai ya zama kamar almubazzaranci. A Ikko kuwa akwai wata gada wadda in ka hau sai ka ce ba za ta ƙare ba, ruwa hagu ruwa dama. Na juya in nuna wa Lawali masu kwalekwale, na tarar ya rufe ido ya damƙe kujerar gaba yana motsa baki. Na ƙyale shi, ni ma tsoron nake ji.

Wadda ta tarbe mu a tasha Bilkisu ce, 'yar Kaduna, ita ma mai zane. Ita aka haɗa mu da ita ta yi mana tafinta, don Turancinsu ba ma ji, Faransancina kuma ba ya yi musu amfani. Ta kai mu gidan da za mu sauka, gidan wasu mata da miji Yarabawa, Kunle da Bisi, dukansu masu zane.

Kunle ne ya buɗe mana ƙofa, da goyon jariri a bayansa, an ɗaure da zane yadda mata suke yi, ga ludayi a hannu. Matar tana zaune a tebur tana zane, ta ɗago ta yi mana maraba ta ce mu yi haƙuri, aikin da za ta kai taro ne bai ƙare ba. Na dubi Lawali, na zaci zan ga yana danne dariya, sai na ga ya ƙura wa ɗaurin zanen ido. Ni dai a raina na ce wannan da a unguwarmu ne, da tuni ya samu suna, mijin-ta-ce, kuma sunan zai bi shi har jikoki.

Abincin da ya dafa amala ce, baƙin tuwo mai santsi, da miya mai yauƙi kamar ta lalo, da barkonon da ya sa muka yi ta jan hanci. A cikin naman akwai wani abu mai taurin roba da Lawali ya yi ta yabawa, har Bilkisu ta gaya masa dodon-koɗi ne. Ya ajiye hannu a hankali, ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi. Daga ranar burodi da shayi da kilishin da muka zo da shi ne suka riƙe shi.

Kunle bai bar ni na gama yanke masa hukunci ba. Washegari na ga ya tsaya a titi yana yi wa wani direba tsawa har mutumin ya ja da baya. Da surukinsa ya zo kuma, sai Kunle ya zube a ƙasa ya kwanta rub da ciki yana gaisuwa. Mu durƙusawa muke yi, amma namiji ya shimfiɗe ƙirji a ƙasa, wannan ban taɓa gani ba, kuma a wurinsu wanda bai yi ba shi ne marar tarbiyya. Na tambayi Bilkisu ko duk mazan garin haka suke goyo. Ta ce ina, shi ma in mahaifiyarsa za ta zo, kwance zanen yake yi ya miƙa wa Bisi yaron tun daga jin sallamarta.

Taron a wani babban zaure aka yi. Tebura cike da littattafai, matasa sun yi shigar jarumai iri-iri, wasu da fukafukai, wasu da mayafi har ƙasa. Amma da Lawali ya shigo cikin sulkensa sai kallo ya koma kansa, don nasu damtsen na soso ne, nasa kuwa na Allah. Aka yi layi ana ɗaukar hoto da shi. 'Yan mata suna taɓa hannunsa su ji ko na gaske ne, shi kuwa yana ja da baya yana neman inda zai sa kansa.

Da rana aka zauna muhawara a kan maza da mata a cikin irin waɗannan littattafai, Bilkisu tana tsakaninmu tana juya mana. Bisi ce ta fara. Ta ce ta gaji da ganin jarumai mata an zana su suna yaƙi da kayan da ko kasuwa ba za a je da su ba, kuma sau da yawa in ka ga mace a labarin, an kawo ta ne don a sace ta ko a kashe ta, namijin ya samu dalilin fushi. Wani saurayi mai jar hula ya ce duniya ba ta da tausayi, yara maza suna bukatar wanda za su kalla su yi tauri, in jarumi ya zauna yana kuka wa zai ceci garin? Wani dattijo mai furfura ya ce shi abin da ke damunsa, yara suna kallon jikin da aka zana, wanda ba ɗan Adam ɗin da yake da irinsa, su je suna shan ƙwayoyi don su kumbura. Ya ce ba mata kaɗai zanenmu yake cuta ba.

Ita Bilkisu jarumarta mace ce mai hijabi, tana tashi sama tana watsa 'yan fashi. Da aka zo kaina na ce ni a ganina namiji ta zana ta sa masa hijabi, don duk abin da take yi duka ne, kamar nawa. Ta ce akwai gaskiya a ciki, ita ma abin yana damunta, amma in ba ta sa duka ba ba a saye. Sannan ta ɗauki littafina ta yi ta buɗawa har ƙarshe, ta ce, "Malam Sanusi, wa yake yi wa Ƙi-Gudu wanki?"

Aka yi dariya da ta juya musu tambayar. Na ce jarumi ba shi da lokacin wanki. Na ce mu a wurinmu namiji shi ne wanda ba a ganin hawayensa, wanda in an ji motsi a waje shi yake fita, kuma ina zana abin da yaro zai so ya zama ne, ba abin da yake gani a tsakar gida kullum ba. Mai jar hula da abokansa suka tafa mani. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Sai mai gabatarwa ya ce tunda ga jarumin da kansa a zaune, bari a ji ta bakinsa. Na zaci Lawali zai ce ba shi da abin cewa. Sai ya cire abin rufe fuskar ya ɗora a cinya, ya ce wa Bilkisu ta faɗa musu yadda ya faɗa, kada ta gyara. Abin da zan rubuta yanzu da izininsa ne, shi ya ce in saka.

Ya ce mahaifiyarsa ɓarin jikinta ya shanye, shekaru ke nan. Mahaifinsa ya rasu, ƙanwarsa ɗaya tana aure a Agadas, ba kowa a gidan sai su biyu. Shi yake ɗaukarta ya fitar da ita, shi yake juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, shi yake dama mata kunu. Akwai maƙwabciya, Zuwaira, mai zuwa yi mata wanka, amma ran da ba ta samu zuwa ba shi yake yi, ya kau da fuska, ita ma ta kau da tata. Zannuwan da ta ɓata shi yake wankewa, a cikin ɗaki yake shanyawa don kada 'yan pale su gani.

Ya ce, "Da na fara ɗaga ƙarfe, don a ji tsorona ne. Yanzu tsoron da nake ji kada wata rana in sunkuya in ɗauke ta in kasa. A hanyar zuwa nan an sa ni tsallen kwaɗo. Da a da ne, da an yi jini. Amma in aka rufe ni, wa zai juya ta? Ban sani ba ko wannan jarumta ce. Yaya Sanusi dai bai taɓa zanawa ba, amma shi ma bai sani ba."

Aka tafa sosai. Amma maganar ba ta mutu a nan ba, kuma wannan ne ya burge ni da mutanen. Mai jar hula ya ce ya girmama shi, sai dai ba yaron da zai sayi littafin da jarumi yake wankin zane, kuma ina jin bai yi ƙarya ba. Bisi kuwa ta ce ita ma ta tafa, amma a tambayi kai: da ƙanwarsa ce ta tashi ta faɗi wannan, wa zai tafa? Ta ce mata nawa ne suke yin haka kowace safiya ba wanda ya kira su jarumai? Lawali da aka juya masa ya gyaɗa kai, ya ce Zuwaira ma tana yi wa surukarta, ga nata 'ya'yan, ga tasa uwar, kuma ba a taɓa ɗinka mata sulke ba. Aka tashi ba a daidaita ba.

Da muka fito na tambaye shi me ya sa bai taɓa gaya mani ba, alhali kusan kullum muna tare. Ya ce a nan ba wanda ya san shi, gobe zai tafi, shi ya sa bakinsa ya buɗe. Ya ce ni kuma kullum in ya zo cewa nake ya ɗaure fuska ya kumbura ƙirji, to ta ina zai fara?

Tekun da kuke ta tambaya mun gan shi, amma a tsaitsaye. Kunle ya kai mu da safe, muka tsaya nesa, Lawali ya ce ya gani, a tafi. Zuwaira ta gaya masa tsohuwar ba ta cin abinci sosai, hankalinsa ya riga ya yi gida. A dawowa sulken yana ƙasan jaka, mun naɗe shi cikin tabarmar salla, ba wanda ya tambaya.

Da muka sauka a tasha ban wuce gida ba, na ce zan bi shi in gaida Inna. Ya tsayar mana da masu kabu-kabu. Ban taɓa shiga gidansu ba sai ranar. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, an share tas. Tana kwance a kan katifa a bakin ƙofa, 'yar ƙaramar tsohuwa, bakinta ya ɗan karkace amma ana jin maganarta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa mani da fara'a, ta tambayi iyalina, ta tambayi hanya. Shi kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana a gaban mutane. Sai ta ce da ni, wai wancan yaron ya rame, ba a ba shi abinci ba ne a can?

Na ce Inna, ai a can manyan mutane suka tafa masa saboda yadda yake kula da ke. Na zaci za ta ji daɗi. Sai fuskarta ta canza.

Ta ce, "Har can ya kai maganar? Malam, wannan ba aikin namiji ba ne. Ɗan da ko sunansa ban faɗa, yau shi ne yake ganin abin da bai kamata ya gani ba. Kullum roƙon Allah nake ya kawo masa mata ko ya ɗauke ni, ya huta. In kai abokinsa ne na gaskiya, ka nema masa aure, ka bar zancen tafi."

Duk maganganun da na kwaso daga zauren nan, na Bisi da na Bilkisu da nawa, ba wadda ta yi mani amfani a gaban tsohuwar nan. Lawali yana tsaye yana jin komai. Ya ajiye jaka, ya wanke hannu a buta, ya duba bayanta ya ce Zuwaira ta yi ƙoƙari, amma an bar ta a gefe ɗaya ya daɗe. Rana ta fara kawowa bakin ƙofar. Ya sunkuya ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin wuyanta, ɗaya ƙarƙashin gwiwoyinta, ya ɗaga ta a hankali. Ta kau da kai gefe kamar ba ta san wanda ya ɗauke ta ba, amma hannunta mai lafiyar ya kama wuyan rigarsa ya riƙe gam.

Ya ce, "Yaya, jawo mana katifar nan zuwa inuwa."

Na tashi na jawo.